Tsibirin da Tofazzal Ya Ƙi Zanawa

Chittagong, 24 ga Janairu, 1999

Zuwa ga yayata, Bubu Ferdousi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin yi sallah lafiya, ke da Shefali da mijinta da jikoki. Dilruba tana gaishe ki. Mazarƙwailar dabinon da kika aiko ta iso, amma ko ƙyallinta ban gani ba. Likita ya hana, matata kuma ta fi likitan tsanani. Tun da aka yi mini aikin zuciyar nan na zama fursuna, daga gida sai ofis, daga ofis sai gida.

Bari in ba ki labarin wani abin haushi. Ga yadda muke jarraba mai neman lasisin jagoran jirgi a bakin kogin Meghna. Farar takarda ake shimfiɗa masa, a ba shi fensir, ya zana kogin da ka: kowace hanya, kowane tudun yashi, kowace fitila, da zurfin ruwa gaba nawa ne. Wanda bai ɗauke kogin a kansa ba, ba za mu damƙa masa jirgi da rayukan mutane ba.

Ranar Alhamis wani ya zo, Tofazzal Miya, mai tuƙa jirgin dakon siminti, zai yi shekara arba'in da huɗu. Awa uku yana zane bai ɗago kai ba. Wallahi Bubu, shekarata tara a kujerar nan ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Har na ɗauki biro zan sa masa hannu, sai idona ya nemi gida, kamar yadda yake yi a kowace takarda. Babu Char Shalik. Mutumin nan ya shafe tsibirinmu gaba ɗaya, ya zana hanyar jirgi ta kansa, ya rubuta gaba biyar daidai inda gidanmu yake. Hanyar yamma kuwa, wadda na yi shekara ashirin da biyu ina bi da manyan jirage, ya toshe ta da yashi.

Na shimfiɗa taswirar ofis kusa da tasa, na ce ya nuna mini inda ya kai tsibiri mai masallaci da kasuwa da gidaje ɗari huɗu. Ya sunkuyar da kai. Na ce a nan aka haife ni, a nan iyayena suke kwance. Na hau shi da faɗa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Haka yake, Sahib." Na ja masa jan biro. Karo na uku ke nan da ya zauna, kuma doka ba ta ba da na huɗu ba, sai dai ya ƙare rayuwarsa a kan siminti.

Ki sa a shafa wa kabarin iyayenmu, Abba da Amma, farar ƙasa kafin damina. Tsamiyar nan da ke kansu ta yi 'ya'ya bana?

Ƙaninki,
Mozammel

*

Daulatkhan, 2 ga Fabrairu, 1999

Moju,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta zo shagon mijin Shefali kamar kullum. Muna lafiya, sai gwiwa da ba ta barin mutum ya yi sujada yadda ya kamata. Ka gaishe mini da Dilruba, ka ce Allah ya ƙara mata ƙarfin hannu a kanka.

Na karanta labarinka sau biyu. Kai dai ba ka canja ba. Tun kana yawo ba wando, in ranka ya ɓaci sai ka fasa tukunya sannan ka tambayi abin da ke ciki. Yanzu ga furfura, ga tabarau, ana ce maka Kyaftin, amma halin yana nan. Mutum ya yi awa uku yana zana maka kogi, kai da bakinka ka ce ba ka taɓa ganin irin hannunsa ba, sannan ka kashe masa rayuwa a kan wuri ɗaya. Yaushe rabonka da ka ji warin Meghna? Shekara tara. Shi kuwa jiya ma a kanta ya kwana.

Ban san dokokinku ba, ni malamar allo ce ta 'yan mata. Amma ina roƙonka, don darajar nonon da muka sha, ka nemi hanyar da za a sake duba takardar mutumin nan. Kada ka tambaye ni dalili.

Maganar farar ƙasa kuma, ka bar ta tukuna.

Yayarka,
Ferdousi

*

Daga kan jirgi, tashar Majhirghat, 5 ga Fabrairu, 1999

Zuwa ga mai girma Kyaftin Mozammel Hoque Patwari,

Sahib, gaisuwa da ban girma. Ni ne Tofazzal Miya wanda ka jarraba ranar Alhamis waccan. Ka yafe rubutuna, fensir na iya riƙewa, biro ba sosai ba.

Ba roƙon lasisi na zo yi ba. Abin da Allah bai rubuta wa mutum ba, ba zai ci ba. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni. Na ji an ce wata mai zuwa za a sa sababbin jagorori uku a hanyar, waɗanda suka ci jarrabawa da taswirar ofis. Tsofaffin hannu sun san yadda ake yi, a zana wa ofis abin da yake so, a tuƙa jirgi da ido. Sababbin ba su sani ba. In ɗayansu ya shigar da jirgin mai hanyar yamma lokacin da ruwa ke janyewa, zai zauna a kan yashi, bayansa ya karye. Ina roƙo a gaya musu.

Abokan aikina sun ce ni wawa ne, me ya hana in zana tsohon kogin in karɓi takardata. Na gwada, Sahib. Hannuna ya ƙi. Duk layin da na ja sai in ga kamar wani zai bi shi da jirgi.

Game da tambayar da ka yi mini a ɗakin jarrabawa, akwai alkawari a bakina, ba ni da ikon kwance shi. Amma ranar sha takwas ga wata zan tashi da siminti zuwa Chandpur, da cikar ruwan hantsi. In lafiyarka ta bari, akwai kujera a ɗakin tuƙi.

Naka mai biyayya,
Tofazzal Miya

*

Chittagong, 8 ga Fabrairu, 1999

Bubu,

Salam. Ga kwafin wasiƙar da mutumin nan ya aiko mini, ki karanta. Shi yana cewa akwai alkawari a bakinsa, ke kina cewa kada in tambayi dalili. Na ambaci Char Shalik a gaban Dilruba, cokali ya faɗi daga hannunta, ta shige kicin ta yi awa guda tana wanke tukunya ɗaya.

Ni ba yaro ba ne. Zuciyar da kuke ji wa tsoro an ɗinke ta, kuma wannan zullumin ya fi kowane labari cin ta. Ina kike zaune yanzu? Ki gaya mini gaskiya.

Mozammel

*

Daulatkhan, 13 ga Fabrairu, 1999

Ƙanina Moju,

Salam. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa, ka kira Dilruba ta zauna kusa da kai, kuma kada ka yi mata faɗa. Ni na fara ɓoye maka, ita ta bi ni.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu Char Shalik, Moju. Wata biyar ke nan ina ɗakin bayan shagon mijin Shefali.

Tun daminar da ta gabaci ta bara kogi ya fara cin gabas, ya ɗauke gonakin su Hashem da rabin kasuwa. Muka ce abin da muka saba ne, zai ci ya ƙoshi ya juya. Da babbar ambaliyar bara ta zo, lokacin kana kwance a asibiti da bututu a hanci, sai ya juyo da gaske. Ba ruwa ne ya hau kanmu ba, ta ƙarƙashi ya ci. Kana tsaye za ka ga ƙasa ta tsage kamar an ja layi da wuƙa, sai gona guda da itatuwanta ta kwanta cikin ruwa a hankali, ba ko ƙara mai yawa. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana cin tsibirin. Ban taɓa jin ƙanƙantar ɗan Adam kamar kwanakin nan ba. Har tsoro ya fita daga raina, sai kallo kawai da ambaton Allah.

Maza sun so su tone kaburbura a kwashe, liman ya ce a fara da rayayyu. Ranar da aka shirya tonon su Abba, da la'asar, ina tsaye a bakin rijiya na ga tsamiyar ta karkata. Ta tafi da su duka biyun, tare, yadda suke kwance. Na yi musu addu'a daga inda nake. Masallaci ya bi su washegari.

Wanda ya kwashe mu shi ne Tofazzal ɗin nan. Yana wucewa da jirginsa babu kaya, ya ga mutane cunkus a kan ɗan abin da ya rage. Duk jiragen da suka gabace shi sun wuce, don ba mai kusantar gaɓar da ke zubewa. Shi ya tsaya nesa yana kallon ruwan kusan rabin awa, har mutane suka fara zaginsa. Sannan ya shigo ta wani gefe da ba wanda ya zata, ya jingina hancin jirgin a wurin da bai zube ba sai bayan mun gama hawa. Sawu huɗu ya yi. Ko akuya ba a bari ba.

A kan jirgin ne na ji yana cewa zai zauna jarrabawa a Chittagong. Na ce ƙanina ne mai jarrabawar, kuma yana tsakanin rai da mutuwa. Na sa shi ya yi mini alkawari ba zai buɗe baki a kan tsibirin a gabanka ba. Ni ban san zane ake yi ba. Da na sani da ban ɗora masa wannan kaya ba.

To ka ji. Ni na kashe masa lasisi, kai biro kawai ka riƙe. Duk wasiƙar da ka tambayi tsamiya na ce tana nan, ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Kai ma ka yafe in za ka iya. Amma ka fara gyara na bawan Allahn nan.

Yayarka,
Ferdousi

*

Chandpur, 20 ga Fabrairu, 1999

Bubu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki. Na sha magungunana duka, Dilruba ta ɗaure su a ƙulli-ƙulli ta rubuta lokaci a kan kowanne. Ban yi mata faɗa ba. Kuka muka yi, sannan ta haɗa mini jaka.

Na je. Gani ya kori ji.

Da na hau jirgin Tofazzal ya miƙe ya ba ni kujerarsa, na ce ya zauna, yau ni fasinja ne. Bai yi maganar jarrabawa ba, ni ma ban yi ba. Aka kawo shayi. Muka wuce tsibirin Sandwip, ruwa yana cika, ni ina riƙe da taswirar ofis a cinya kamar mai riƙe da allo.

Wajen azahar muka iso bakin hanyar yamma. Bubu, inda taswirata ta ce gaba shida, ɓaunaye na gani tsaye, ruwa bai kai musu gwiwa ba. Bayansu kore shar, wasu mutane har sun kafa bukkoki sun shuka shinkafa. Wata mata tana shanya tufafi a daidai wurin da na taɓa juya jirgin alkama mai tsawon unguwa guda. Na cire tabarau na goge na mayar, ba abin da ya canja.

Sai ya sa aka karya sitiyari zuwa gabas, ya nufi inda idona ya saba ganin tsamiya da hasumiya. Babu komai sai ruwa, faɗinsa har inda ido ya ƙare. Jikina duka yana ce mini za mu daki ƙasa, har na kama ƙarfen gabana. Shi ko taswira bai kalla ba. Yana duban fuskar ruwan, yana magana ƙasa-ƙasa da mai sitiyari. Na tambaye shi me yake gani. Ya nuna mini inda ruwa ya yi launin shayi mai madara da inda ya yi duhu, da wani ɗan lanƙwasa a saman igiyar ruwa wanda ya ce kututturen itatuwa ne a ƙasa, da layin kumfa da ke bin gefen rami. Na san waɗannan abubuwa, Bubu, da su na ci abinci shekara ashirin da biyu. Amma ni harafi-harafi nake karanta su, shi kuwa kamar mai tilawa. Ya ce tun bayan ambaliya duk sawun da ya yi sai ya rage gudu a nan ya auna, ya rubuta a bangon ɗakin tuƙi da alli. Bangon ya cika da lambobi.

Akwai wani tsoho a jirgin, Kala Chacha suke ce masa, shi ke jefa igiyar awo. Har yanzu irin ta dā suke yi, dalma a baki da sabulu a gindinta don ta ɗauko abin da ke ƙasa. Yana jefawa yana rera zurfin. Gaba huɗu. Huɗu da rabi. Tofazzal ya sa aka rage inji har ya zama kamar numfashi, ya juyo ya ce, "Sahib, nan ne."

Tsohon ya jefa, ya rera gaba biyar. Daidai abin da mutumin nan ya rubuta a takardar da na ja wa jan biro, ko taƙi bai kuskure ba. Da aka jawo dalmar ya kawo mini ita a tafin hannu. Jikin sabulun akwai laka, da ɗan jan gari-gari. Garin bulo ne. Kin san gini ɗaya ne na jan bulo a duk Char Shalik, masallacinmu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ma'aikatan duka suka fito suka tsaya, Kala Chacha ya ɗaga hannu, muka yi wa su Abba fatiha, jirgi mai ɗauke da siminti tan dubu yana wucewa a kansu a hankali. Ashe haka suke yi duk sawu, tun kafin su san zan taɓa hawa. Tsohon ya ce mini, "Kyaftin Sahib, mu ba ma wuce maƙabarta ba sallama, ko tana sama ko tana ƙasa."

Na zaci baƙin ciki zai kashe ni a wurin. Ba shi ne ya fi yawa ba. Tsoron Allah ne ya cika ni, da wani irin mamaki. Kogin da ya ɗauke gari guda ya ajiye wani a gefe cikin damina biyu, mu kuma muna zaune a ɗaki mai fanka muna ba mutane izinin bin sa. Kuma ga mutum guda da ya iya karanta shi, na ce bai cancanta ba.

Da muka fita ruwa mai zurfi na ce masa me ya sa bai kare kansa ba ranar nan, kalma ɗaya ta isa. Ya ce, "Bakina ne ya yi wa Bubu alkawari, Sahib. Hannuna bai yi ba." Na nemi gafararsa a gaban mutanensa. Kunya ta kama shi, ya shiga kiran a kawo shinkafa da kifi.

Matsalar ita ce an riga an buga wa takardarsa hatimi. Ba mai warware wannan sai kwamiti, kuma sai mai jarrabawar ya tsaya ya ce shi ne ya yi kuskure. Ba a taɓa yi ba. Gobe zan koma, na kwafe lambobin bangon nan duka a littafina.

Na yafe miki, Bubu. Ke ma ki yafe mini shekara taran da ban zo ba.

Ƙaninki,
Mozammel

*

Daulatkhan, 1 ga Maris, 1999

Moju,

Salam. Na karanta wa Shefali wasiƙarka, ban kai ƙarshe ba ta karɓa ta ƙarasa. Na gode wa Allah da ka gani da idonka kuma zuciyar ta riƙe.

Ka tsaya gaban kwamitin ka faɗa yadda ka faɗa mini, ba kwana-kwana. Na san ka, in ka ga manya sai ka shiga dogon Turanci har a manta abin da ya kawo ka. In sun ce kujerarka za ta tafi, ta tafi. Abba bai taɓa zama a kujera mai juyawa ba, kuma har ya rasu ba wanda ya ce ya tauye masa haƙƙi.

Ina jiran labari. Ko abinci ba ya shiga sosai.

Ferdousi

*

Chittagong, 16 ga Maris, 1999

Bubu,

Assalamu alaikum. An ba Tofazzal lasisinsa jiya. An rufe hanyar yamma, kuma da zanensa za a jarraba masu zuwa har a gama sabon awo. Sababbin jagororin uku za su yi wata guda a jirginsa kafin a sake su.

Ni kuma ba su kore ni ba. Cewa suka yi in zauna in zana kogin yadda yake yanzu, don cika ƙa'ida kawai, in ci gaba da aikina. Aka shimfiɗa mini farar takarda. Na zana Sandwip, na zana Hatiya, na toshe hanyar yamma, lambobin duka suna kaina. Da na iso wurin, na san abin da zan rubuta, na gan shi da idona. Awa guda fensir yana hannuna. Da na duba, sai na ga na zana tsibirinmu, har da rijiya.

Na miƙa musu takardar haka, tare da makullin ofis.

Ki ce wa Shefali ta nema mana ɗaki kusa da naki. Muna tafe ranar Alhamis, ni da Dilruba, Tofazzal zai sauke mu.

Ƙaninki,
Moju